Zumar Gwiwa Da Ta Mayar Da Kawuna Sahun Baya

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisa mai wakiltar mazaɓarmu a majalisar dokokin jiha, kuma mamba a kwamitin lafiya.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da duk waɗanda Allah Ya ɗora maka nauyinsu. Sannu da aiki, sannu da jama'a.

Sunana Nasiru. Haifaffen mazaɓarka ne ni, amma shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a unguwar Panyu ta birnin Guangzhou, ina aikin tafinta da raka 'yan kasuwarmu masana'antu. Ba ka san ni ba, amma ka san kawuna, Malam Habu mai kayan keken ɗinki. Ko ka manta sunan za ka tuna fuskar. Shi ne dattijon da ya ja muku sallar la'asar a ƙaramin masallacin unguwarmu ranar da ka zo neman ƙuri'a, ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a har ka ce wa mutanenka su ɗauki hoto. Hoton ya daɗe a jikin bangon ofishinka na mazaɓa, ban sani ba ko yana nan har yanzu.

Sau biyu ina rubuto maka ta wannan ofishin. Ta farko shiru. Ta biyu wani hadiminka ya turo min saƙon murya, ya ce wannan ai maganar China ce, in nemi ofishin jakadanci. Ranka ya daɗe, a China aka kama kawuna, wannan gaskiya ne, amma abin da ya sa aka kama shi a kasuwarmu aka sayo shi, tafiyar minti goma daga inda hadimin naka yake zaune. Shi ya sa na fito fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi komai, har da nawa laifin.

Na ɗaya. Malam Habu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Shekararsa sittin da huɗu. Bai taɓa sa karan sigari a bakinsa ba, goro ma ya bari tun da likita ya yi masa maganar hawan jini. Shekara ashirin da biyu yana na'ibin liman a masallacinmu, kuma tun da tsufa ya kama liman kusan duk salloli biyar shi yake ja in yana gari. Bai taɓa karɓar ko sisi a kan haka ba. Abin da yake taƙama da shi a duniya ke nan, duk da ba zai yarda a kira shi taƙama ba.

Ni na matsa masa ya zo Guangzhou. Shekara da shekaru ina aika masa allurai da ƙoshiya da bel na keke, kullum yana ƙorafin cewa ba irin wanda ya ce ba ne. Na ce to Kawu, ka zo baje kolin kaka da ake yi a Pazhou ka zaɓa da idonka, mu huta da mita. Ya ce gwiwoyinsa ba za su iya ba, don ya ji an ce filin ya fi unguwarmu girma. Na yi ta lallashi har ya yarda. Wannan shi ne laifina na farko.

Na biyu. Matarsa, Inna Asabe, ita ta haɗa masa guzuri kamar yadda kowace matar kirki take yi: kilishi, dambun nama, yaji, kuka, da kwalbar zuma guda ɗaya ta maganin ciwon gwiwa. A shagon mai maganin gargajiya ta saya, da rana tsaka, naira dubu shida, ga mutane na shiga suna fita. Na riƙe kwalbar nan a hannuna na karanta takardar da aka manna mata. An rubuta zuma, habbatus sauda, tafarnuwa, citta, "da sauran itatuwa masu albarka". Iyakar abin da aka rubuta ke nan, sai lambar waya da umarnin a sha cokali ɗaya safe da yamma.

Ka san halin dattawanmu, ba sa cin abu su kaɗai. Washegarin saukarsa muna karyawa a ɗakina, tare da wani abokin cinikina, Alhaji Iliya mutumin Maradi, Kawu ya buɗe kwalba ya ce bismillah. Alhaji Iliya ya ce shi ciwon suga ya raba shi da zuma, ya gode. Ni kuwa ba a ƙin tayin babba, na karɓi cokali ɗaya. Ranar a cikin jirgin ƙasa zuwa Pazhou kaina ya yi nauyi, bakina ya bushe, har na wuce tashar da za mu sauka, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Na ce gajiyar ɗauko baƙo ce. Ban sake sha ba don ɗanɗanonta bai yi min ba, amma ban tsaya na tambayi kaina ba. Shekara goma sha ɗaya ina gargaɗin baƙi kada su karɓi saƙon da ba su buɗe ba, ga shi a kan teburina ban gane ba. Laifina na biyu ke nan, kuma shi ne wanda yake hana ni sukuni.

Kawu kuwa yabon zumar yake yi. Ya ce gwiwa ta saki, abinci yana shiga, barci kamar na jariri. Ya zaga Pazhou kwana huɗu a jere, yana taɓa kaya yana ce wa kowane mai rumfa "lawban", wato maigida, kalmar da ya koya ranar farko yake ji da ita. Har waya ya yi wa Inna Asabe ya ce ta koma ta sayo kwalba biyu ta ajiye masa kafin ta ƙare a shagon. Ta je ta sayo.

Na uku. Ranar Laraba ta mako na biyu, bayan azahar, ni da Kawu da Alhaji Iliya muna cin tuwo a wani ɗan gidan abinci da mutanenmu suke zuwa, 'yan sanda suka shigo duba fasfo. Wannan ba baƙon abu ba ne a nan, kuma takardunmu a cike suke. Sai suka ce duk wanda yake wurin zai bi su a yi gwajin fitsari. Ban ji ko ɗar ba. Ina ma tsokanar Kawu a mota, ina ce masa yau za a gano sirrin ƙarfin gwiwar nan. Wallahi da wannan bakin nawa na faɗa.

Nawa ya fito fes, na Alhaji Iliya ya fito fes. Na Kawu ya nuna tabar wiwi. Suka sake, ya sake nunawa. Jami'in ya dube ni ya ce in gaya wa Kawu. Ranka ya daɗe, na yi tafinta a kan kwantenar da ta ɓace, na yi a asibiti a kan gawa, amma ban taɓa neman kalma na rasa ba sai ranar. Ta yaya zan dubi mutumin da ya koya min alwala in ce masa an ga wiwi a jikinsa? Da na faɗa, dariya ya fara yi, yana tsammanin tsokanar ce ban gama ba. Da ya ga fuskata sai ya yi salati, ya nemi wurin zama.

Ba ni da ƙorafi a kan jami'an nan. Dokar ƙasarsu suka bi, kuma dokar a bayyane take: ba ruwansu da a ina ka sha ko da wace niyya, in yana jikinka a ƙasarsu to ka karya doka. Ba su daki kowa ba, ba su zagi kowa ba. Sun bi ni gida sun bincika ɗakina, ni na miƙa musu kwalbar da hannuna, na kuma gaya musu na taɓa shan cokali ɗaya, aka rubuta. Suka tafi da ita ɗakin gwaji.

Na huɗu. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne bayanin wani lauya da Alhaji Iliya ya samo mana. Ya ce sha daban, shigowa da shi ƙasa daban. In aka ɗauke shi a matsayin wanda ya sha, kwanaki ne a tsare sannan a kore shi. In kuwa aka ɗauke shi a matsayin wanda ya ɗauko ƙwaya ya tsallako da ita iyaka, to maganar shekaru ake yi. Kwana uku muka yi ba mu san wace za ta kasance ba. Inna Asabe tana kira safe da rana tana tambaya me ya sa wayar Malam a kashe, ina ce mata layi ne. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai a kwanakin nan uku.

Da aka ba ni izinin taimakawa da Hausa wajen tambayoyi, jami'in ya ajiye hoton takardar kwalbar a gabana ya ce in fassara. Na fassara zuma, na fassara tafarnuwa da citta. Da na zo kan "sauran itatuwa" ya tsayar da ni ya ce waɗanne itatuwa? Na ce ba a rubuta ba. Ya ce to wa ya ba da izinin a sayar wa mutane abin sha ba a rubuta abin da yake ciki ba? Ya ce ina lambar rajista, ina ranar da aka haɗa, ina sunan wanda ya gwada? Duk amsa ɗaya ce, wadda masu shaguna a nan suke ba mu in ba su da kaya: "meyo", babu. Tambayoyin nan ba nawa ba ne, ranka ya daɗe. Na majalisarku ne, ni dai kawai a gabana aka ajiye su.

Sannan suka tambayi Kawu sunan wanda ya sayar. Ya ƙi faɗa. Mai shagon ɗan wani amininsa ne da ya rasu, a gabansa aka haife shi, shi ya yi masa huɗuba. Ya ce min, "Nasiru, gaya musu ni na sha, ni za a tambaya. Ba zan kai sunan ɗan marigayi wata ƙasa ba." Na roƙe shi kamar zan yi kuka, na nuna masa shekaru ne a gabansa. Ya ce Allah Yana gani. Na ji haushinsa ranar, kuma har gobe ban san ko daidai ya yi ba.

Allah Ya taimake mu da sakamakon kwalbar da shekarunsa da yadda maganarmu ta zo ɗaya. An tabbatar akwai ruwan ganyen wiwi a cikin zumar, aka kuma yarda ba safara ya zo yi ba. Aka tsare shi kwana goma, aka soke bizarsa, aka tisa ƙeyarsa gida da sharaɗin kada ya dawo na tsawon shekaru. Na gan shi sau ɗaya kafin ya hau jirgi. Ya rame, gwiwar ta dawo har ta fi da. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne ko labarin ya isa unguwa.

Na biyar. Labarin ya riga shi isa. Ban san wa ya kai ba, kuma na daina nema, don a gidan abincin nan mutum nawa ne suka gani da idonsu. Kafin ya sauka daga jirgi an gama cewa an kama Malam Habu da wiwi a China. Wasu suka ce buhu guda. Wasu suka ce dama sana'ar ke nan, kayan keke rufa-ido ne. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna cewa amin a bayansa su ne suke ce wa juna ai mutum sai Allah.

Kwamitin masallaci ba su kore shi ba, sun fi haka wayo. Dattawa uku suka je gidansa suka yi masa barka da dawowa, suka ce tunda ya sha wahalar tafiya ya ɗan huta da jan salla har ƙura ta lafa. Wata biyar ke nan yana hutawa. Ya nuna musu takardar da aka ba shi a nan, amma da rubutun Sinanci take, ga jan hatimi a ƙasa, kuma ko an fassara abin da ta ce shi ne ya karya doka. Ɗaya daga cikinsu ya juya ta sama da ƙasa ya miƙa masa, ya ce Allah Ya kyauta. Inna Asabe ta rantse musu ita ta sayo zumar, aka ce mace ai dole ta kare mijinta.

Bai daina zuwa masallaci ba. Inna ta ce shi yake riga kowa kamar kullum, sai dai yanzu ba ya wuce sahun ƙarshe, can kusa da inda ake ajiye takalma, ko da gaba babu kowa. Da na ji wannan na ajiye waya. Ni na kira shi ƙasar nan.

Na shida. Na kira lambar da take jikin kwalbar. Mai shagon ya yi min jaje sosai, har da cewa Baba Habu ubansa ne. Da na tambaye shi me ya zuba, ya ce haɗin gado ne, ba a faɗa, in ya rubuta a takarda gobe kowa zai kwaikwaya. Da na matsa ya ce ganye ne Allah Ya halitta, ɗan kaɗan yake sawa don kashe zogi, kuma ai ta yi aiki ko ba ta yi ba? Yana nan yana sayarwa. An ce yanzu har mota ya samu da lasifika.

Na san wiwi haramtacciya ce a dokarmu tun ba yau ba. Amma ita dokar, mai naɗa tabar a lungu take bi, ba ta leƙa cikin kwalba a kan kanta. Matashi in ya je saye ya san abin da ya saya. Tsohuwa mai ciwon baya, da mai jego, da direban da zai sha cokali ya hau titi, su ba su sani ba. Kawu da bakinsa ya yi wa tsofaffin masallaci tallar zumar nan ta waya tun yana Pazhou, kuma aƙalla biyu sun saya. Wasu daga cikin masu yi masa kallon banza yau, da za a gwada su abin da za a gani ke nan.

Ba ina cewa a rufe shagunan masu maganin gargajiya ba ne. Da jiƙo da sassaƙe aka rene mu, kuma da yawansu mutanen kirki ne. A nan Guangzhou ma, duk tsaurinsu, na ga ana sayar da ƙwayar irin wani nau'in shukar wiwin marar sa maye a shagunan magani, ana niƙa ta a yi abin sha. Amma a leda take, da sunanta, da sunan kamfani, da lambar wanda ya gwada. Mai saye ya san abin da zai kai bakinsa. Sirrin gado yana da daraja, amma cikin da ake zuba shi ba na mai shago ba ne.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Ka kai ƙudiri majalisa da zai wajabta wa duk mai sayar da abin ci ko sha da sunan magani ya rubuta sunan kowane ganye da saiwa da ya zuba, da Hausar boko, da ajami in ta kama. A hana "da sauransu" a jikin kwalba. Mai tsoron a sace masa sirri ya ɓoye awo da yadda yake dafawa, amma sunan abin da yake ciki haƙƙin mai saye ne.

A sa masu duba lafiya su riƙa shiga kasuwa ba tare da sanarwa ba, su sayi kwalabe kamar kowa su kai gwaji. Wanda aka samu ya ɓoye wiwi a cikin zuma ko shayi ko alewa a hukunta shi hukuncin wanda ya shayar da mutum abu ba da saninsa ba, a kuma sanar da sunan kayan a rediyo don wanda yake da shi a gida ya zubar.

A riƙa faɗakar da matafiya tun daga wajen masu yanka tikiti da ƙungiyoyin kasuwa. Baje kolin bazara ya kusa, mutanen mazaɓarka da yawa za su zo, kuma kowannensu matarsa za ta haɗa masa guzuri. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Na ƙarshe shi ne wanda ya sa na zauna rubutun nan, kuma ba ya buƙatar zaman majalisa. Kwalabe biyun da Inna Asabe ta sayo suna nan a cikin kabad ɗinta, ba a fasa murfinsu ba. Ka aiko wanda ka yarda da shi ya karɓa a gaban shaidu daga kwamitin masallaci, a kai ɗakin gwaji na gwamnati, a rubuto sakamakon a takarda mai hatimin da mutanenmu suka sani. Sai da na sha fama kafin Kawu ya amince da wannan. Ya ce hukumar gida daban, bakin kasuwa daban, shi ya sa ba ka ga sunan mai shagon a wasiƙar nan ba. Lambarsa tana jikin kwalbar.

Na tambaye shi ko yana so a nema masa diyya, ko a yi ƙoƙarin cire masa takunkumin shiga China. Ya ce shi ya gama da China, ya ga abin da zai gani. Ya ce takarda ɗaya yake so, da harshen da liman zai iya karantawa bayan sallar la'asar, ko da ba za a sake ba shi gaba ba, don kada ranar da aka ɗauko gawarsa wani ya tsaya yana tunanin ko ya dace ya bi sahu.

Ranka ya daɗe, ranar da ka zo masallacin nan a bayansa ka tsaya. In ka koma yau, sai ka waiwaya kafin ka gan shi.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, Ya tsare ka da zuriyarka daga ƙazafi da abin kunyar da ba ku ji ba ba ku gani ba. Allah Ya sa addu'ar da dattijon nan ya yi maka ta zama hujja gare ka ranar gobe.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Nasiru, ɗan ƙanwar Malam Habu,
Panyu, Guangzhou.